Daddawar Kaka a Jakata

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Hauwa? Muna lafiya, sai tsadar nan.

Jiya na bar Bici da jakar goyo, zan zaga ƙasashe har Senegal, amma raina a ɓace. Kaka ta cire bargona, ta cusa ƙullin daddawa, wai in kai wa ƙaninta Idi, wanda ya tafi Hajji da ƙafa tun tana amarya, bai dawo ba.

Na ce, "Kaka, yamma na nufa, ba gabas ba!"

Ta ce, "Ka dai riƙa tambaya."

Yanzu kayana duk wari. Sau biyu na ɗaga zan jefar, na kasa.

A sa ni a addu'a. Gai da yara.

Ƙaninka,
Bala