Ba Zan Goge Ɗakin Sailuba Ba

Zuwa ga Mahmuda, sanyin idona, ruwan farko a kan ƙasar da rani ya gajiyar, inuwar mangwaron da nake gudowa idan ranar garin Lafiya ta tsaya a tsakar ka. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi fushi, amma zuciyarta ta ƙi taya ta.

Ka tuna ranar da ruwa ya tare mu a hanyar Akurba? Ka tuɓe rigarka ta sama ka naɗe kwamfutarka a ciki, kai kuma ka tsaya kana jiƙewa kana dariya. Ka miƙo mini ita ka ce in riƙe in yi karatun kwamfutar da na shiga, tunda sayen riɗi zai riƙe ka a ƙauyuka har kaka ta wuce. Tun daga ranar, duk sanda na buɗe ta sai in ji ƙamshin ƙasa da na rigar nan. Wace irin kewa ce wannan, da take bin mutum har cikin aji?

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Malaminmu ya ce kowa ya sa Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta, kusa da Windows ɗin da ke kwamfutarsa, wanda bai sa ba kuma kada ya zo jarrabawa. Na gwada, na'ura ta ƙi. Na kai wa Terfa, mai gyaran nan na bakin kasuwa. Ya duba ya ce faifan ajiyarta na tsohon tsari ne, ɗaki huɗu kaɗai ake iya yankawa a cikinsa, kuma duk an yanka. Ɗaya na tayar da na'ura, ɗaya na Windows, ɗaya na kamfani wanda ake mayar da ita sabuwa da shi idan ta lalace. Na huɗun kai ka yanka da hannunka, ka sa masa suna Sailuba.

Na buɗe shi, kuma ba zan ba ka haƙuri ba. Hotunan matarka Sailuba ne, Allah ya ji ƙanta, da muryarta. Na saurari guda ɗaya. Tana dakan sakwara tana yi wa 'yarku waƙa, sai tari ya sarƙe ta, ta fashe da dariya tana ce maka ka daina ɗauka. Na rufe, ban ƙara sauraron wata ba.

Terfa bai ga abin wahala ba. Cewa ya yi, “Anti, kwashe shi ka zuba a filas, ka goge. Wanda ya tafi ya tafi, abi? Wuri kake nema.” Shi ban ji zafinsa ba, sana'arsa ya faɗa. Kai ne ka ƙona mini rai. Da na kira ka, ka ce in goge duk wanda ya tare mini hanya, wai ka ma manta abin da ke ciki. Ƙarya kake yi, ya hasken raina. Na ji yadda ka haɗiye yawu kafin ka faɗa. Kana zaton tukuici ka ba ni? Kana zaton zan ji daɗi a kwashe matar da ta haifa maka ɗiya a zuba a ɗan ƙarfen da zai ɓace a aljihu, kamar kayan wanda aka kora daga gidan haya?

Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba ko da jarrabawar za ta wuce ni. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Idan yau ka iya share ta don ka faranta mini, gobe wa za ka faranta wa da ni? Ni mutumin da na so shi ne wanda ya zauna bayan an watse daga zaman makoki, ya tattara muryar matarsa ya yi mata ɗaki. Wannan nake so, ba wani sabon da kake ƙoƙarin ƙera mini ba.

Bari ka ji abin da na yi. Na fara kwafe kayan Sailuba a gefe don tsoron tsautsayi, amma ban taɓa ɗakinta ba. Ɗakin kamfani na goge. Terfa ya gargaɗe ni cewa idan Windows ta lalace babu sauran hanyar mayar da ita yadda ta zo, na ce na ji na gani. Sannan Windows ta yi mini rowa, ta ƙi matsawa sai ɗan tsito, sai da na kashe mata barcin nan da take yi ba ta mutu duka ba, kana ta saki wuri. A wurin na yanka ɗaki irin wanda ake iya rabawa ta ciki, na zuba Linux, ina roƙon kada wuta ta ɗauke. Yanzu idan na kunna, tambayata take yi wanne nake so. Ɗakin Sailuba yana nan da sunansa, ko hoto ɗaya bai gusa ba.

Saura naka, ya farin watana. Na san mutanenka na shirin zuwa Kwandere neman aurena. Kafin su taka ƙofar gidanmu, ka zauna da 'yarka ka buɗe mata ɗakin nan. Yarinyar ba ta san muryar uwarta ba, kai kuma kana ɓoyewa don kada in gani a fuskarka. Ka yi kukanka, ba zan ƙirga maka hawaye ba. In kana so in zauna, zan zauna. In kana so in fita tsakar gida, zan fita in jira. Amma in ba za ka iya ba, kada ka aiko kowa, don ba zan shiga gidan da sai an yi shiru da sunan wata kafin a kira nawa ba.

Taka, wadda ba za ta sake ka ba a raye, kuma take son in ta riga ka tafiya a yi mata yadda ka yi wa Sailuba,

Rahmat