Hannun Cin Tuwo

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024
Na iso Kura yankan shinkafa. Ban taɓa ganin ruwa yana bin hanyar siminti kamar an aike shi ba. An ba ni wurin kwana a zauren wani tsoho, Baba Badamasi, mai gadin injin ban ruwa. Mutumin kirki ne. Amma da hagu yake cin tuwo. Babba da shi! Na kau da kai.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Muna loda buhu, wani mai suna Hambali ya tsaya yana ta kallon kafaɗata kamar zai sayi sa. Ya ce, kai ne Bilya? Ka taɓa dambe? Na ce na wasa dai, a ƙauyenmu bayan girbi. Ya ce nasu ba wasa ba ne, albashi suke biya duk wata kamar ma'aikacin gwamnati, kuma a ɗauke ka a waya duniya ta gan ka. Wai akwai yaronsa da ya hau mota.
Albashi a kan naushi? Ni ban gane ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Na gaya wa Baba. Ashe shi ma ya yi dambe, har makaɗa sun san sunansa.
Ya ce zamanin ubansa ladan dambe damin gero ne da goro, sai kirari. Kuma da kaka kawai ake yi. An gama, kowa ya kwance hannunsa ya koma gona, hannu ya huta har baɗi. Zamaninsu aka fara liƙa kuɗi a goshi. Aka ba shi rediyo, aka ba shi keke, har babur ya hau. "Daga nan muka daina jiran kaka, ɗan nan."
Na ce, to ina babur ɗin, Baba?
Ya ce, yana nan a hannuna.
Ban gane ba. Ban sake tambaya ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba
Bayan la'asar, a wani fili hanyar Bunkure. Na shiga damben Hambali. Yaransa sun naɗe mini hannun dama da igiya har na daina jin yatsuna. Na yi kisa! Haka suke cewa in ka kai mutum ƙasa. Da na ji ana ihun ya kashe shi, ya kashe shi, na zaci da gaske ne, sai na ga yaron ya miƙe yana tofar da jini.
Hambali ya ce na shiga albashi. Na kira yayata Hajara na ce ta daina damuwa da maganin Inna.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Hannun ya kumbura. Sun ce haka yake da farko.

Asabar, 23 ga Nuwamba
Na sake yi jiya. Gurbin wani Ɗanladi aka sa ni, wai yana hutu. Yau na gan shi a bakin titi a Garun Mallam zaune kan benci, hannun dama cikin aljihu. Na miƙa masa hannu mu gaisa, ya ba ni na hagu. Ya ce, kai ne sabon? Allah ya ba da sa'a. Bai yi dariya ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba
Na ce wa Hambali, maigida, a bar ni sati ɗaya hannun ya sauka.
Ya ce, mai albashi yana zaɓen rana? In kaka kake jira, koma ƙauye a ba ka gero.
Yaran suka yi ta dariya. Ya kai ni kemis aka yi mini allura. Zafin ya tafi. Hannun ma kamar ya tafi.

Lahadi, 1 ga Disamba
Baba ya kama ni ina jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Bai yi faɗa ba. Ya zaro hannun damansa daga cikin riga ya ɗora a gwiwata. Sai yau na kalle shi da kyau. Yatsun sun ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa, ba sa buɗewa, ba sa rufewa.
"Ranar da ka zo na ga ka kau da kai. Ka zaci ban samu tarbiyya ba ko?"
Kunya ta kama ni.
Ya ce, ni sai da na yi furfurar farko hannun ya mutu, don da sauran hutu a zamanina. Naku duk Juma'a ne.
Na ce wata biyu kawai zan yi, Inna ta samu sauƙi. Ya ce shi ma babur kawai ya so.

Talata, 10 ga Disamba
Lauje ya faɗi daga hannuna a gona. Gumi ne.

Asabar, 14 ga Disamba
An biya albashi. Na tura gida. Jiya ma na yi kisa, wai mutane da yawa sun kalla.
Rubutun nan ya karkace, biron ne ba shi da kyau.
An kawo tuwo miyar kuka. Na yi bismilla na kai hannu. Lomar ta ƙi ɗaukuwa, ta yi laushi da yawa ne. Sai na ɗan juya kwanon ta gefen hagu. Na yau kawai.
Baba ya kau da kai.