Kafin Jirginka Ya Tashi

Assalamu alaikum, Yaya Fatihu, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar gona.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ƙanwarka Ramlat ta ce da sassafe za ta bi motar Minjibir zuwa Kano don ta raka ka filin jirgi, ita zan ba wa wannan takarda. In ba ta same ka kafin ka shige ciki ba, ban san yadda zan yi da raina ba.

Ranar da ka zo sallama, ka tsaya a ƙofar gidanmu ka ce, "Tahira, karatun nan shekaru ne, za ki jira ni?" Na sunkuyar da kai, ina ta murza bakin hijabina. Ka sake tambaya. Ka ce ba za ka ɗaure ni ba, in na yi shiru ka gane, sannan ka juya. Ba ka gane komai ba, wallahi! Baba yana cikin zaure yana gyaran buhunan gyaɗa, yana jin ko numfashina. Da wane baki zan amsa maka a kunnensa? Kai da ka tashi a garin nan, yaushe shirun yarinya ya zama ƙi?

Washegari a makaranta na roƙi Malama ta ara mini littafin taswira. Na ɗora zare daga Kano zuwa Kuala Lumpur, birnin Malesiya da za ka, na auna sau biyu don ban yarda ba: ya haura kilomita dubu goma. Malama ta ce sai kun sauka Addis Ababa kun sake jirgi, kusan yini da kwana kuna hanya. Ni da ban taɓa wuce Kano ba, ina zan kai wannan nisa a zuciyata? Ta ce sa'ad da nake sallar azahar, ku can kun kai isha'i. Ko faɗuwar rana ma ba za mu riƙa gani tare ba.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne ka keta hamada da teku, ka sauka cikin mutanen da ba su san sunanka ba, kana zaton na ƙi ka. Tun ranar, jirgi ba ya wucewa ta saman gonarmu ban saki zangarniyar geron da ke hannuna ba, ina cewa ko ranar tafiyar aka sauya, ko kai ne ciki.

Ga amsar da ta maƙale mini a wuya: eh, zan jira. Zan gama jarrabawata, in ci gaba da karatu in Baba ya amince, in jira ka komai daɗewa. Ba ni da waya, don haka in ka karanta ka ce wa Ramlat, "Na gani." Ina nan bakin hanya sa'ad da motar yamma za ta sauke ta.

Taka, yau da ranar da za ka dawo,
Tahira