Tsawar da Na Yi wa Inna Hajo

Laraba da dare, Banga

Sati shida ke nan ina koya wa matan unguwa karatu kyauta in na taso daga firamare. Kullum da ciwon kai nake kwana. Yau Inna Hajo, sa'ar mahaifiyata, ta sake rubuta sunanta a juye, na daka mata tsawa. Ajin ya yi tsit, kunya ta rufe ni.

Da munka tashi na bi ta gida in ba ta haƙuri. Ta ce, "Malama, kin ci abinci yau?" Ban ci ba. Ta dama mini fura, ta tsare ni har na shanye. Ta ce daga yanzu ran Alhamis ba karatu, ita za ta gaya wa sauran.

Ban musa ba. Gobe barci zan yi.