Almu Ba Shi da Inuwa

Daga Hauwa'u a Kebbe, zuwa ga Yaya Bube a Tambuwal.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Bayan haka, ƙanenmu Almu ya dawo. Shi dai wanda ka miƙa wa 'yan diban gwamna a madadinka, aka kai shi haƙar kuza Jos, daga baya ka rantse gaban liman ya mutu, muka yi sadakar arba'in. Ga shi nan ɗakina.

Yaya, ba shi da inuwa. In ya taka rairayi, sawu ba ya fita. Da rana tsaka sai ya kama rawar ɗari, yana kiran waɗanda rami ya rufta da su. Goggo Tambaya ta ce wanda aka yi wa arba'in da ransa ƙasa ke jansa, sai wanda ya yi rantsuwar ya tsaya ƙofar masallacin Juma'a ya ƙaryata kansa. In ba haka ba zai ɓace sannu-sannu. Yatsunsa sun fara. Tsoro nika ji. Ka yi wa Allah ka hanzarta.

Wassalam.

Daga Bube zuwa ga ƙanwata Hauwa'u.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali, saƙonki ya iso. Ba ki san abin da kika ɗora mini ba. Wani da ya tsere daga can ne ya ce ramin ya ci kowa. Ban bincika ba, wa ke tambayar Nasara? Matar Almu, Ni'imatu, ta yi takaba, na aure ta don kada ta tagayyara. Yanzu cikinta ya tsufa. In na ƙaryata kaina aure ya warware, kuma kin san sunan da garin ga zai ba ɗan har ya mutu.

Na je ƙofar masallaci, bakina ya ƙi buɗuwa. Ki tambaye shi. Abin da ya ce, shi zan yi.

Allah ya sa mu gama lafiya.

Yaya,

Na gaya mishi. Ya tambaya ko Ni'imatu na cin abinci. Ya ce, “A bar yaro ya samu uba. Ni na saba da rami.”

Yau tabarma kawai nika gani, sai tari jefi-jefi. Ban daina ajiye mishi tuwo ba.

Ya ce in gaishe ka. Wannan gaisuwa tashi ce. Ni ban gaishe ka ba.

Hauwa'u