Ranar da Aka Ajiye Gahawa Saboda Hajja

Zarƙa, Jodan.

Zuwa ga ƙanena Suhail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri a can Kanada. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma yi wa kowa faɗa.

To, zauna da kyau: na sayar da Hajja. Na san rabinta naka ne, na kuma san ka ce kada a taɓa ta. Amma gwiwata ta daina taka kuloci, motar da muka yi shekara huɗu muna ginawa kuwa tana gareji tana cin tsatsa. Mu muka fidda kujerun baya, muka yi mata kejin ƙarfe, muka sa mata injin da ya fi ƙarfin shekarunta talatin da biyar. Ba don ta zama gidan kyanwa muka yi wannan wahalar ba.

Wani dila ya fara zuwa daga Amman da tayi mai tsoka, wai injin kawai yake so, gangar jikin a kai bola. Ko shayi ban bari ya ƙarasa ba. Sai ran Asabar ga Bassam, bakaniken nan na Irbid da ka sha bari a baya a filin tsere, da kawunnansa uku cikin alkyabba, kamar masu neman aure. Na zuba musu gahawa, babbansu ya dire kofin bai kurɓa ba, ya ce ba za su sha ba sai an biya musu buƙata, wato in sayar wa Bassam Hajja. Ka san gahawar dattijo ba ta hucewa a gidanmu, ba a mayar da roƙonsa. Duk da haka na ce sai na ga hannun Bassam a sitiyari tukuna. Muka tafi fili, na ba shi makullin Hajja. A kwanar nan ta uku inda kowa ke tsorata ya danna birki, shi sai ya rage giya ya bar ta ta zame da kanta. Muna dawowa na sa aka ɗora sabuwar gahawa, na ce su sha.

Da janwe ya zo ɗaukarta na shige shago wai ina neman sifana. Kuka na yi, ba zan ɓoye maka ba.

Juma'ar da ta wuce ta fita tsere cikin motoci goma sha tara, yawancinsu jikokinta ne a shekaru. Ta biyu ta zo, Suhail. Bassam ya fito daga ciki, ya bar masu ɗaukar hoto a tsaye, ya zo ya sumbaci kaina, ya ce in faɗa maka har yanzu gudunka yake bi. In za ka yi fushi ka yi, ni dai na ji kukan injinmu ya cika fili.

Ka gaida uwargida Rula da yara su Yazan. Inna da maiɗakina Khulud suna gaishe ku.

Yayanka,
Nayif