Aron Yatsan Gajere

Fatakwal, ran Lahadi.

Zuwa ga jikata Haulatu, amaryata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mutanen Kusada, ya kakarki Kulu da ciwon gwiwa? Ni lafiya lau nake, sai dai ruwan garin nan da ba ya ɗaukewa.

Fastarki ta iso a motar albasa. Da kaina na karanta sunanki, ashe karatun yaƙi da jahilci zai yi rana! Na liƙa ta a rumfata. Duk wanda na ce wa jikata ce ke neman majalisar jiha, sai ya ce bai taɓa jin jam'iyya mai alamar damin gero ba, ya wuce. Ni kaɗai nake ta murnata.

Ga abin da ke damuna. A nan na yanki katin zaɓe, na yi sakaci har aka rufe sauya mazaɓa. Ba ni da ikon zaɓenki.

Ki je Dudunni wurin aminina Gajere, wanda ya ce ya daina bin layin zaɓe. Ki ce masa ina roƙon aron babban yatsansa, na yini ɗaya kawai.

Allah ya ba ki sa'a.

Kakanki,
Ɗanmaliki